Sandar Kawu Jatau

Likita ne ya tashe ni daga kujera.
Ya ce, "Malam Sallau, jininka ya hau dutse,
ka nemi abin da zai sa ka taka ƙasa."
Gudu ya fi ƙarfina, fansho ya ba ni safiya,
sai ga ni a filin golf na Refil
da shekara sittin ba ɗaya, da hular ɗana,
da jakar da ɓera ya ɗanɗana gindinta.

Dogayen sandunan a gwanjo na tsinto su.
Gajerar kuwa, mai kai kamar ƙaramar fartanya,
wadda ake lallashin ƙwallo da ita zuwa rami,
gado ce.
Kawu Jatau yana yaro ya ɗauki jakar wani Baturen kuza,
ranar da Baturen zai koma garinsu
ya miƙa masa ita, ko sule bai ɗora ba a kanta.

Shekara da shekaru tana bayan ƙofa.
Ta kashe kunama, ta kaɗo fiya,
ta tokare taga ranar da iska ta yi fushi,
ta raka Kawu masallaci da gwiwarsa ta ƙi.
Aikin da aka ƙera ta dominsa ne kawai ta manta.

Asabar uku ina zubar da girma.
Taku biyu tsakanina da rami,
in sunkuya, in riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura,
in taɓa.
Ƙwallo ta miƙe tiryan-tiryan,
tana isa bakin rami ta kauce hagu
kamar ta hango mai bin ta bashi yana jiran ta.

Alhaji Nalado ya yi dariya har da dafa cinya.
"Gidan tarihi na cigiyar wannan!
Abuja akwai masu kai kamar faranti,
da farin layi a baya mai nuna maka hanya.
Dubu ɗari biyu, ka huta."
Na kai maganar gida.
Kande na feren dankali, ba ta ɗago ba:
"Buhun masara nawa ke nan?"
Na lissafa a zuci, na bar lissafin a can, ban furta.

Ranar Lahadi Nalado ya ara min tasa.
Sanyinta a tafi kamar hannun amarya.
Na sunkuya. Na taɓa.
Hagu.
Na sake. Hagu, har ta fi tawa nisanta.

Colom, yaron da ke ɗaukar min jaka,
wata guda bai ce min komai ba sai sannu.
Ya zaro tsohuwar, ya ajiye ƙwallo uku,
ya tura su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shigar da kaji akurki.
"Baba, kanka ke riga ƙwallo tafiya.
Kana ɗagowa ka ga labari tun ba a yi shi ba.
Bar idonka a ƙasa, kunnenka zai faɗa maka."
Laifi tudu ne, in ji mutane,
Jos kuwa ba ta rasa tudu ba.
Sai ya murza mariƙin, ya ƙara:
"Amma nan ya mutu, gaskiya. Santsi kamar sabulu.
Wannan kam, a canza mata."

Mai faci a Bukuru ya naɗe shi da tsohon tif,
ɗari biyar, har da canjin goro.

Yau hazo ya zauna a kan duwatsu,
sanyi na cizon kunne.
Na sunkuya, na taɓa, na ƙi ɗagowa.
Ina kallon gurbin da ƙwallo ta bari,
ina kallon tsatsa a wuyan sandar
da ƙaramar tsagar da kunama ta ja mata,
sai na ji ƙwal.

Uku da suka biyo baya duk hagu suka yi.
Kuma ba zan ɓoye ba,
in Nalado ya zaro tasa tana walƙiya
idona kan bi ta.