Ranar Mayar da Makulli

Wata talatin da shida cif.
Na kawo ta Braga da safiyar Talata,
ruwa na zuba kamar an biya shi lada.
Jiya na wanke ta ciki da bai,
irin wankan da ban taɓa yi mata ba
tun tana hannuna.

Yaron kamfanin, Duarte, sunansa na rataye a ƙirji,
ya fito da tocila da ɗan ma'aunin roba,
yana zagaya ta a tsugune
kamar mai neman aibun saniya kafin ya taya.

"Dona Filipa, kin zarce.
Kilomita dubu arba'in da biyar aka rubuta,
ga mita tana cewa hamsin da ɗaya."
Na ce na sani.
Ban ce masa dubu shidan nan hanyar Porto ba ce,
Litinin, Laraba, Juma'a,
wankin ƙoda,
wata huɗu da 'yan kwanaki.

Babana, Anselmo, mota ɗaya ya yi a duniya.
Da kuɗin ɗaukar siminti a Faransa ya saye ta,
lakadan, ya ƙirga a gaban dillali har sau biyu.
Shekara talatin da ɗaya,
kowace Lahadi in ya dawo daga coci
sai ya tuɓe kwat, ya ɗauko soso da bokiti.
Ran da ya ji haya na ɗauko, ajiye cokali ya yi.
"Wata-wata kina biyan abin da ba naki ba?
Ki watsa kuɗin a kogin Cávado mana,
ko kifi ya gode miki."

Shigarsa ta farko bai taɓa komai ba.
Hannu a gwiwa, hula a cinya,
baƙo a ɗakin mutane.
Sai da sanyin Janairu ya kama shi
ya ce, yana kallon gonakin inabi ta taga,
"Kunna mini wutar kujerar nan ta kamfaninku."
Kafin mu hau babban titi ya yi barci,
baki a buɗe.
Na rage rediyo.
Daga ranar kullum shi ke miƙa yatsa ya kunna da kansa.

Duarte ya tsaya a ƙofar dama.
Ya haska, ya shafa, ya ɗora ma'auni.
Ƙwarzane ne a ƙasan ƙofa, siriri, ya ɗan karkace,
inda bakin ƙarfen sandar baba ke sauka
duk lokacin da zai fito
yana cewa kar in riƙe shi.
"Ya wuce abin da ake yafewa.
Yuro ɗari da tamanin.
Amma kar ki damu, za a shafe shi tas,
wanda zai karɓe ta ba zai taɓa ganewa ba."

Na ce na sani.
Na sa hannu a wuri uku.

Ya ce akwai sababbi sun iso,
fara ko ruwan toka, kuɗin wata bai ƙaru sosai ba.
Na ce zan yi shawara.
Da wa, ban sani ba.

Yanzu ai ina da mota tawa ta kaina.
Tana ƙauye, a rumfar bayan gida,
takardunta sun dawo da sunana tun Afrilu.
Tayoyi sun kwanta, batir ya mutu,
kazar maƙwabciya na ƙwai a kujerar baya.
Ba mai ƙirga mini kilomita a kanta.

A tashar bas lemata ta ƙi buɗewa.
Na tsaya cikin ruwan,
hannuna na ta lalube a aljihu,
yana neman abin da zai danna
wani abu ya amsa daga nesa.