Sawun Akuya a Tubali

Da ruwan Logon ya janye daga Kuseri
ya bar ɗakin Baba a durƙushe kamar raƙumi,
azara a waje, randa a kife,
tarwaɗa ta mutu a inda muke ajiye fitila.

Na yi ta tono. Ba kuɗi nake nema ba.
Can a gindin bango na ci karo da tubali guda
wanda ruwa ya lasa bai haɗiye ba:
a bayansa sawun akuya,
a gefensa babban yatsan Baba.

Ina ɗan shekara bakwai a ranar,
muna cuɗa laka da ƙaiƙayin shinkafar Yagwa,
ƙafa na nutsewa, tana fitowa da tsaki.
Akuyar Marka ta keto shanya,
ta taka ɗanyen aiki, ta wuce abinta.
Na rarumi hoge. Baba ya ce, "Bar ta, Anaruwa,
ita ma ta sa hannu a ginin."

Maƙwabcinmu Abakaka da siminti ya yi nasa.
Bai faɗi ba, a faɗi gaskiya,
tsagewa ya yi tun daga goshi har ƙafa.
Amma fasasshen bulo ba ya jin kiran ruwa,
sai a kwashe shi a cike rami.
Kuma ban manta bazara ba,
in kwano ya fara gasa 'ya'yansa
su naɗo tabarma su zo soronmu su sha barci.

Ran Talata Dudu ta iso daga Marwa,
'yar makaranta, da wani inji a bayan a-kori-kura.
Ta damƙi ƙasarmu, ta sansana, ta murza,
ta ce, "Ba laifinta ba ne.
Tushe ne gajere, ruwa kuwa ba ya sallama."
Ta kira abin da wani dogon suna na Faransanci.
Na ce mu dai tubali muka sani.
Ta yi dariya, ta ce in danna ƙarfen.
Ba wuta, ba a sare ko reshen gawo ba.

Sai muka jiƙa tsohon bangon.
Ƙasar da ta ji tarin Baba shekara talatin,
ta sha hayaƙin Inna,
ita ce dai, ta sake zama ɗanya.
Muka ɗaga tushe da dutse har gwiwa.
Ɗari huɗu a yini, kowanne kamar ɗan'uwansa,
baki a miƙe, kusurwa kamar an yanka da aska.

Abu ɗaya ne ban gaya wa Dudu ba.
Jiya kaza ta bi ta kan sabbin,
ta je, ta dawo,
ko alama.

Shi ya sa da magariba,
fitilun Njamena na kunnuwa a tsallake,
na ɗebi ragowar laka, na dunƙule guda da hannu,
na ajiye shi a jiƙe
a hanyar da awaki ke bi su sha ruwa.