Faifai Mai Tsaga Ɗari Uku da Sittin

A Shiojiri, inda gonakin inabi ke kwana cikin ƙanƙara,
mahaifina, Momose Tatsuji,
ya shekara shida yana sauraron inji guda.
Bai fi babban yatsa ba.
Shi ke jan kan firinta daga hagu zuwa dama,
ya komo da shi kamar ƙoshiyar masaƙi.

Da rani lafiya lau.
Amma in sanyi ya gangaro daga duwatsu,
mai ya daskare a jikin sandar ƙarfe,
sai injin ya riƙa jan ƙafa kamar mai tashi daga jinya.
Tawada kuwa ba ta san jira ba,
ta faɗa inda ba a aike ta ba,
fuskar amarya a hoto ta fito da zane-zane
kamar an leƙo ta ta bayan asabari.

Akwai faifai a gindin injin,
siriri kamar ɓawon albasa,
mai tsaga ɗari uku da sittin.
Haske na gefe guda, ido na ɗaya gefen,
yana ƙirga: wuce, wuce, wuce.
Baba ya ce, ƙirga ba ta isa ba.
Kafin ka gama lissafi, ɓarna ta riga ta bushe a takarda.

Ina shekara biyar
ya riƙe hannuna za mu haye gadar kogin Narai,
ƙasa ta zama madubi.
Na yi santsi. Ban faɗi ba.
Tun kafin ƙafata ta san ta kauce
tafinsa ya ji, ya ƙara matsewa kaɗan.
Ya tsaya tsakiyar gada, tururi na fita daga bakinsa,
ya manta da ni, ya manta da sanyi.
Ba takun ba ne, in ji shi,
tazarar da ke tsakanin taku da taku ce.

Abin da ya rubuta ke nan, a shafi goma sha ɗaya:
a auna ɗan shirun da ke tsakanin tsaga da tsaga,
in ya tsawaita, a ƙara wuta,
in ya gajarta, a sassauta.
Lauyoyi suka mai da shi yaren da ko shi ba ya ji.
Takardar mallaka ta zo daga Tokyo da jan hatimi,
sunan kamfani a sama, ƙato,
nasa a ƙasa, sai an sa tabarau.
Ladan bai wuce kuɗin keke ba.
Keken nawa ne. Ja ne, da ƙararrawa.

Shekara ashirin, mallaka ta faɗi
kamar yadda ganye ke barin reshe, ba ƙara.
Kowa ya ɗauka. Bai ce uffan ba,
sai dai in mun shiga kanti
ya karkata kunne wajen injin rasit,
ya gyaɗa kai, ko ya tsuke baki.

Jiya a asibitin Matsumoto
sun liƙa masa wayoyi a ƙirji.
Wata na'ura tana auna shirun
da ke tsakanin bugu da bugu.
Ma'aikaciyar jinya, Kamijo, ta danna maɓalli,
takarda ta fito tana rawa, layinta tsaf.
Ya buɗe ido. Ba ni ya duba ba.
Kin ji? in ji shi. Bai yi tuntuɓe ba,
ga shi kuwa ɗakin da sanyi.

Na sa hannuna cikin nasa.
Tazarar tana tsawaita, ina ji a tafina.
Na ƙara matsewa kaɗan.
Iyakar wutar da nake da ita ke nan.