Takalmin Hagu

Ni baduku ne a Birni,
basilla da zare na sani, ban san waƙa ba.
Amma shekara ta zagayo,
hadari ya sake haɗowa ta gabas,
bakina ya ƙi yin shiru.

Damagaram, garin da ake bin ruwa da kuɗi,
jarka kan jaki, layi a bakin famfo tun asuba.
Mu da muka yi roƙon ruwa har murya ta dushe,
a daren nan aka ba mu
abin da ya fi ƙarfin randunanmu.
Ya gangaro daga kan duwatsu yana gurnani,
bai yi sallama a zauren kowa ba.

Katangar da kakana ya yaɓa
ta jiƙa, ta durƙusa kamar raƙumi,
ta kwanta kan ɗakin Harira da jinjirinta.
Na yi ta tono da farce.
Laka ba ta jin magiya.

Sai fitila ta ɓullo a lungu.
'Yan kwana-kwana ne, ruwa har ƙugu,
motarsu ta maƙale tun wajen Kasuwar Dole,
suka ƙaraso da ƙafa, igiya a kafaɗa.
Wani siriri cikinsu, ko gemu bai tsiro masa ba,
ya ce, "Baba, yi shiru mu ji."
Ya kwanta, ya kara kunne da ƙasa.
Duk unguwa ta riƙe numfashi.
Can ciki, kamar kukan ɗan akuya,
Tsahiru yana kira.

Azara bayan azara suka ɗaga.
Ya sauka ramin, 'yan uwansa riƙe da ɗamararsa,
ya miƙo mini yaron, laka har ido,
taɓo kuwa ya riƙe takalminsa na hagu.
Bai waiwaya ba,
ana kururuwa a gidan Malam Barmu.
Haka ya tafi, ƙafa tsirara,
kan tsagin kwano da ƙusa.

Harira sun same ta a dunƙule,
bayanta ne ya tare rufin.
Allah ya sa ta huta.

Da safe rediyo ta yi ta ƙirga,
Maraɗi, Tawa, Yamai, ƙauyukan bakin kogi.
Ashe ba mu kaɗai ba ne,
ƙasa ce gaba ɗaya take zaman makoki.
Su lamba suke faɗa,
ni kuwa sunaye na sani.

Na san Falmata, malamar asibiti,
da ta kwana uku a ajin lakwal inda aka tara mu,
tana ɗura wa ɗana madara da cokali.
Na san Isuhu mai amalanke,
ya yi ta jigilar tsofaffi har jakinsa ya ƙi tashi,
bai karɓi ko dala ba.
Na gode, na gode,
kalma ce ƙarama, ita kaɗai ruwa ya bar mini.

Rana ta uku na tono takalmin.
Na wanke, na shanya a inuwa,
na shafe shi da mai, na ɗinke inda ya yage,
ɗinkin da ban taɓa yi wa mai kuɗi ba.
Na kai barikinsu, na ce ina mai shi?
Babbansu ya yi murmushi:
"Wanne daga ciki, Baba?
Mu bakwai muka dawo ba takalmi."

Yana nan rataye a rumfata,
lamba arba'in da biyu.
Tsahiru ya fara tafiya bana,
in na sauke masa, ƙafa biyu yake zurawa ciki,
ya faɗi, ya yi dariya irin ta uwarsa.

Kai yaro, in hanya ta biyo da kai Birni,
tambayi rumfar baduku mai takalmi ɗaya.
Zo da na dama, shi ma ya sha mai.
Ka zauna ka ga wanda ka jiyo
ta cikin ƙasa.