Minti Goma a Kwalkwalawa

Malama Kulu ta miƙa mini agogo:
"Arzika, riƙe mini minti goma.
Kar ka yi tari,
kar inuwarka ta faɗa kan fure."
Na tsaya tsakanin kunyoyin tumatir
shiru, kamar mai bin liman.

Daga jami'a ta zo, can Dundaye,
da littafi, da madubin ƙara girma,
da guntayen gora ɗaure bayan mashin.
Mutanen fadama sunka yi dariya:
duk karatun nan, ashe ƙuda za a ƙirga?

Minti na huɗu, sai ga shi.
Baƙin nan mai gurnani,
mai fari-fari a kafaɗa kamar wanda ya fito injin niƙa,
wanda ke huda mana sandunan rumfa.
Na san shi.
Da silifa nake sauke irinsa tun ina yaro,
har mu jera su bisa dakali, mu ga wa ya fi.

Ya kama furen, ya rataya kai ƙasa,
ya girgiza shi da sautin ƙirjinsa.
Gari ya zubo, rawaya, ɗan kaɗan,
bai kai abin da kan allura zai ɗauka ba.
Malama ta ja layi ɗaya.
Hannunta na rawa.

Ta ce, "Ba kowa furen nan ke buɗe wa hannu ba.
Ƙudan zuma kan yi sallama ya wuce.
Wannan shi ya san kiɗan da ake yi masa."

Bara, in ji littafinta, bakwai ta gani a wannan kunya.
Bana ɗaya.
Ban ce komai ba.
Ni na goya tankin feshi ranar Laraba,
da hantsi, furanni na buɗe,
don in samu na cefane.

Munka rataye gorar a ƙarƙashin giginya,
kowane rami da lambarsa.
Sati uku ba baƙo.
Ta zo, ta leƙa, ta rubuta sifili, ta koma.
Ban taɓa ganin mai rubuta babu
da kulawa irin haka ba.

Yanzu sai bayan la'asar sakaliya nake feshi,
in ma zan yi.
Baba Jabbi ya ce boko ya kama ni ta baya.
To.

Jiya na ishe garin itace ƙasan lamba sha biyu,
sabo, da laushi kamar tsaki.
Na kanga kunne.
Can ciki wani na aiki.

Malama na Zariya wajen taro, wayarta a kashe.
Na ɗauki gawayi
na ja layi ɗaya jikin giginya,
sannan na tsaya minti goma
ba agogo,
ina kallon gulbin Rima na ja da baya,
ina tsare inuwata.