Kwamfutar Gwanjo a Titin Wilson

Yayyafin Lima ba ya jiƙa riga,
ƙashi yake nema.
Na hau bene na uku da faifai a aljihu,
wasan tseren mota, ya sha ƙarzuwa,
sunan yayana Eusebio a jiki da jan alƙalami.

Clorinda ta jero mini uku.
Ta fari siririya, ko ramin faifai babu.
"Ta ofis ce, lissafi kawai ta iya."
Ta biyu batirinta ya kumbura
kamar ƙullu ya kwana.

Ta uku ƙatuwa, baƙa, harafin E ya goge.
"Katin hotonta daban yake, da fankarsa.
Ta tsufa, amma sa'ar wasanka ce. Saka."

Fanka ta yi tari, ta ja numfashi.
Na kai hannu gefenta:
ɗumi ne, ba ƙuna ba.
Sai ga titin, ga gadar, ga kwanar nan
da kullum yake wuce ni yana dariya.
Hoto bai sarƙe ba.

Sol ɗari huɗu, in ji ta. Ban taya ba.
Ta dube ni, ta rage ashirin da kanta,
ta ɗaure cajar da roba.