Ɗakin Albasa

Ran Juma'a na sauka a Wudil,
kasuwar shanu ta cika ta batse.
Katifata naɗe da igiyar
da Baba ya kwance daga turken akuya,
ƙuli-ƙuli cikin gwangwanin madara,
takardar shiga jami'a a aljihun ƙirji,
ina taɓa ta kamar laya.

A allon sanarwa na bi sunaye da yatsa.
Ga ni: ɗaki na sha bakwai, gado na shida.
Na je na tarar da gado na shida
da mutum biyu a kai,
ɗaya na barci, ɗaya na jiƙa gari.
"Sannu, sabon shiga. Mu muka saya.
Nemi gefe ka raɓa."
Fanka ɗaya mai fiffike biyu,
famfon da ba ya magana sai asuba,
kuɗin-cizo kuwa sun riga kowa rajista.
Kwana uku na yi.
Fatata ce ta ɗauki darasin farko.

Sai dillali, Ɗan'azumi mai hula a karkace,
makullai a hannu yana ja kamar carbi.
Ya kai ni gida mai fenti ruwan madara,
tayil har bayi, sola a rufi,
ƙofar ƙarfe mai rufuwa a hankali kamar mai kunya.
Ya faɗi kuɗin.
Na auna a zuci: gero buhu bakwai,
da ɗan maraƙin da Baba ke wa dusa da hannunsa.
Na ce iskar wurin ta yi mini yawa.
Ya yi murmushi, ya saba jin wannan.

Muka ga shago a bakin titi,
ba taga, tirela na kaɗa kwanon rufi.
Muka ga zaure, mai gidan ya ce
in baƙi sun zo sai in ɗan matsa.
Wani kango an rufe rabi,
sauran rabin, wai, sai bayan kaka.

Rana ta yi ja muka isa gidan Iya Furera,
bayan maƙera, inda hanya ke gangarawa kogi.
Ɗakin da take zuba albasa ne
kafin gwiwa ta raba ta da fadama.
Warin bai tashi ba, shi ne tsohon ɗan haya.
Ta ce, "Yoyo wuri ɗaya ne, ga roba, na san wurin.
Ban da kiɗa bayan isha'i.
In ka ga hantsi ban share tsakar gida ba,
ka leƙo."
Wannan na ƙarshe ba a sa shi a takarda ba.

Yanzu mu biyu ne, ni da Tasi'u ɗan Gwaram,
mai karatun lissafi, mai munsharin injin niƙa.
Mun ja layi da alli a tsakiya,
takardunsa sun ƙetare iyaka tun makon farko.
Wayoyinmu na kwana a shagon caji,
mu muna kwana da tocila a haƙori.

Ɗan ajinmu na gidan tayil ya zo aron littafi,
ya shaƙi iska, ya ce, "Miya kuka ɗora?"
Tasi'u ya ce, "Tun bara take kan wuta."

Da asuba ta 'yar taga
ina ganin masu yashi na tura kwale-kwale,
ruwa bai gama farkawa ba.
Iya ta yi tari sau biyu,
buta ta taɓa ƙasa,
sai in san gida lafiya, in buɗe shafi.

Jiya Baba ya kira ta wayar maƙwabci.
"Ya ɗakin?"
Na ce yana da rufi, yana da ƙofa,
akwai wadda ke ƙirga dawowata.
Ya yi shiru, na ji yana tauna goro.
Sannan ya ce, "Maraƙin na gaishe ka."